Jan Biron Kawu

Kawuna bai taɓa dukan kowa ba a rayuwarsa. Abin da 'yan uwa ke fara tare ni da shi ke nan duk lokacin da na buɗe baki zan yi maganarsa, kuma gaskiya suka faɗa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana koyar da Turanci a firamare bai riƙe bulala ba. Biro yake riƙewa, ja. Ni da na tashi a gidansa zan iya dafa ƙirji in ce da bulalar ce da ta fi sauƙi, don ita kwana biyu take yi a jiki ta warke.

Wan mahaifiyata ne. Ina shekara bakwai mahaifina ya rasu, aka kai ni hannunsa. Ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, ya sa ni makaranta, ban taɓa musun wannan ba, don haka kada wani ya zo yana tuna min. Gajere ne siriri, tabarau da igiya rataye a wuya, kullum riga mai aljihun ƙirji. Biro uku ne a aljihun nan. Biyu ja, nasa. Ɗaya shuɗi, na aro, kuma duk wanda ya ara sai ya rubuta abin da zai rubuta a gaban idonsa.

Babu takardar da ta tsira daga gare shi. Katin gayyata, allon shagon mai aski, takardar ta'aziyya, har jerin cefanen matarsa, wadda daga baya ta gaji ta koma haddace kayan a ka. Ina makarantar kwana zazzaɓi ya kwantar da ni, na lallaɓa na rubuta masa wasiƙa da Turanci, don ya hana mu rubuta masa da Hausa. Bayan kwana tara wasiƙata ta dawo min da da'ira bakwai na jan tawada, a ƙasa an rubuta in sake. Magani kuwa, matarsa ce ta aiko min ta hannun wata maƙwabciya. 'Ya'yansa maza uku duk sun girma sun watse, kuma har yau babu mai tura masa saƙo a waya. Kira suke yi, su gaisa a tsaitsaye su kashe.

Mahaifiyata ta taɓa gaya min inda abin ya samo asali. Yana ɗan shekara ashirin ya je neman aikin akawu, ya rubuta takardarsa ya miƙa. Mutumin da ke ɗaukar ma'aikata ya fito da ita bakin ƙofa, ya karanta da ƙarfi a gaban masu jira a benci, yana karantawa yana riƙe ciki don dariya. Kawu ya dawo gida ya yi kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba. Rana ta uku ya sayo ƙamus, ya rantse ba takardar da za ta sake wucewa ta hannunsa a yi mata dariya. Ina jin tausayin wancan saurayin, amma ban san shi ba. Wanda na sani shi ne dattijon da ya karɓi wulaƙancin mutum ɗaya ya yi shekara arba'in yana rarraba wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Da ya ajiye koyarwa zama ya gagare shi, sai ya sami aikin da aka hana shi yana saurayi. Ya zama akawu a wani kamfanin da ke yin bokitai da bahunan roba. Ofishinsa ɗan ƙurmusasshen ɗaki ne kusa da matakala, da fanka a sama, da tire biyu a tebur, da hatimi, da ƙamus ɗin nan wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi. Cikin wata guda ma'aikata suka laƙaba masa Jan Biro. Ya ji sunan, kuma ina tabbatar muku daɗi ya ji.

Shi ya samo wa maigidana aiki a wurin. Dogo ake ce masa, kuma sunan bai yi ƙarya ba, sai ya sunkuya yake shiga ɗakinmu. A aji huɗu ya bar makaranta ya shiga aikin ƙarfi. Yana da shekara arba'in, da 'ya'ya huɗu, ya je ya rubuta sunansa a ajin manya na Asabar da Lahadi don ya koyi Turanci. 'Yan biyunmu suka yi ta tsokanarsa wai za su riƙa duba masa aikin gida, shi kuwa ko a jikinsa. Duk kwalin da ya shigo gidan nan sai ya karanta abin da ke jikinsa da ƙarfi, harafi bayan harafi, har na sabulu.

Aikinsa shi ne injin niƙa. Duk bokitin da ya fito a karkace ko ya fashe, wurinsa ake kaiwa, ya zuba a bakin injin, injin ya tauna ya fito da shi tsaki-tsaki a sake narkawa. Ɗakin na kwano ne sama da ƙasa. Injin yana da wani murfi mai kauri da ke danne ƙarar, to murfin nan ya tsage, aka cire aka jingine a bango da cewa za a gyara. Abin toshe kunnen da aka ba shi tun shigarsa ya daɗe da yagewa. Sai ya koma cusa auduga yana ɗaura tsumma a kai, awa tara kullum.

Ni na fara lura. Rediyo ya riƙa ƙara wa murya har maƙwabta na jin labarai kyauta. In na yi magana sai ya karkato kansa ta dama. Wata rana ya ce min yana jin kamar ana busa usur daga nesa, ba ya tsayawa ko yana barci. Na matsa masa muka je asibiti. Likita ta duba, ta yi gwaje-gwajenta, ta ce kunnen hagu ya tafi fiye da rabi kuma ba zai dawo ba. Na dama ana iya cetonsa, in dai an rage ƙarar nan cikin 'yan watanni. Ta maimaita 'yan watannin sau biyu tana kallona, don ta ga ni ce mai ji.

Barin aikin ba ya cikin magana, da baki shida a gida. Saura koke. Ƙa'idar kamfanin kuwa ita ce koke sai a rubuce, kuma da Turanci, saboda injiniyan da ke zuwa daga babban ofis ba ya jin yarenmu. A miƙa wa akawu, akawu ya buga hatimi ya saka a koren fayil. Injiniya na zuwa sau biyu a shekara, ya karanta abin da ke fayil ɗin, ya zagaya, ya ba da umarni. Ko manaja ka kai wa, wurin akawu zai turo ka. Akawun kuwa Kawu ne, har na yi hamdala a raina, saboda wauta.

Yamma uku Dogo ya yi yana rubutu da fensirin 'yan biyu, harshe a waje, yana gogewa har takardar ta kusa hujewa. Layi tara ya samu. Ya ce injin yana ƙara da yawa. Murfinsa ya karye wata biyar ke nan. Kunnensa na hagu ya mutu. Yana roƙon a gyara murfin, a ba shi sabon abin toshe kunne. Yana da 'ya'ya huɗu. Na karanta, na ga karkatattun wurare, amma ko wanda ya kwana uku a ajin Turanci zai gane mutum ne ke neman a cece shi.

Ranar Litinin kaɗai Kawu ke duba takardun ma'aikata, haka ya tsara wa kansa. Litinin ta zagayo ya aika aka kira Dogo. Shi ya ba ni labarin da bakinsa, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Rufe min ƙofar nan," in ji Kawu. "Wannan ƙarar ba ta barin mutum ya yi tunani."

Taku arba'in ne tsakanin ofishinsa da ɗakin injin. Tagarsa ma ya sa an liƙe masa ita da kwali tun bara.

Ya turo takardar gaban Dogo. Ta yi jajir kamar an yanka kaza a kanta.

"Sha tara," ya ce.

"Kawu, amma dai an gane abin da nake nufi?"

"Ni na gane, don na saba da shirme. Ba ni za a kai wa ba. Je ka sake."

"To Kawu, ko za a nuna min yadda ya kamata su zama?"

"Kana da malami, kana da littafi. In na gaya maka, gobe ma haka za ka rubuta."

Wannan ita ce hanyarsa tun yana aji. Da'ira kawai yake yi. Ba ya rubuta daidai ɗin a gefe, ba ya ce maka kalmar ce ta ɓaci ko wurin zamanta. Ka je ka nemo. Ga yaro ɗan shekara goma mai zangon karatu guda a gabansa, wataƙila dabara ce. Ga magidancin da likita ta ƙirga wa watanni, mugunta ce, ko mai yin ta ya sani ko bai sani ba.

Sai Asabar da Lahadi Dogo ke ganin malaminsa, sai Litinin Kawu ke duba takarda, in ya duba kuma sai wata Litinin ɗin ya kira. Kowane zagaye mako biyu. Ta biyu ta dawo da da'ira sha ɗaya. Ta uku da shida. Raina ya gama ɓaci, na zauna na rubuta da kaina, na ce ya kwafa da hannunsa. Kawu ya karanta layi biyu ya ɗago kai.

"Wannan Turancin 'yar gidana ne. Na san kurakuranta tun tana aji biyu, kuma ga su nan ba su canza ba. Satar amsa da furfura a gemu?"

A gaban masinja ya faɗa masa haka. Dogo ya dawo gida bai ci abinci ba, ya ce kada in ƙara sa masa hannu a takarda.

Washegari na yafa mayafi na tafi gidan Kawu. Na same shi a baranda yana karanta jarida da biro a hannu. Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba, na gaida matarsa, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Kawu, ka gyara masa da hannunka. Minti biyar ne a wurinka."

"In na gyara ta zama takardata, ba tasa ba."

"To ka buga mata hatimi yadda take."

"Da sa hannuna a ƙasa? A kai babban ofis a zauna ana dariya, a ce surukin akawu ne? Ke ba ki san mutanen nan ba. Ni na san su."

"Kawu, kunnensa ne fa. Likita ta ce watanni."

"Yaron nan yana ci gaba. Daga sha tara zuwa shida. Kin san ɗalibai nawa na gani da suka yi haka? Ke dai tun kina ƙarama gaggawa ce matsalarki."

Na ce masa ba ɗalibinsa ba ne, mijina ne. Na ce in kunnen nan ya tafi ba zan yafe ba. Matarsa ta riƙo hannuna tana cewa in yi haƙuri in tuna wa nake yi wa magana. Shi kuwa ya gyara tabarau ya koma kan jaridarsa, ya zagaye wata kalma a shafin farko. A rayuwata ban taɓa jin tsanar mutum kamar yadda na ji a lokacin ba, kuma mutumin da ya raine ni.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Dogo kansa ya faɗa tarkon. Kunya ta hana shi tsallake surukin da ya samo masa aiki, wannan na fahimta. Amma sai ga shi ya fara ƙirga da'ira kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ya daina karanta kwali da ƙarfi. In zai faɗi kalma ɗaya ta Turanci sai ya tsaya ya juya ta a baki, ya sake juyawa, daga ƙarshe ya haɗiye abarsa. Mutumin da ke shiga ajin manya yana fito, ya koma shiga kamar mai zuwa kotu.

Injiniya ya zo wata Alhamis, mako na goma sha ɗaya da rubuta takardar farko. Ta biyar tana kwance a tiren Kawu da da'ira biyu. Biyu kacal. Koren fayil babu komai a ciki game da injin niƙa. Shugaban leburori kuma, kamar yadda ya saba duk ranar da manya za su zo, ya sa an kashe injin wai ana share shi. Injiniya ya leƙa ɗakin, ya ji shiru, ya ga an share tas, ya gyaɗa kai.

A hanyarsa ta fita wata dattijuwa mai shara ta tare shi a baranda. Ko aji ɗaya ba ta yi ba. Ta miƙa masa ɓallin kwali da jikarta ta rubuta mata kalma huɗu a jiki, da zanen famfo yana ɗiga. Ya karanta, bai yi dariya ba. Ya bi ta ya ga famfon bayin mata da ya shekara yana yoyo, ya rubuta wani abu a littafinsa. Kafin Asabar an gyara.

Dogo yana tsaye a layin ma'aikata, taku uku daga mutumin. Ya ga abin da mai shara ta yi da idonsa. Ya ce min ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna ba shi da tabbacin wace kalma ce ke fara zuwa. Ya tsaya yana jera jimlar a ransa don kada ya yi kuskure a gaban mutane. Kafin ya gama jerawa mota ta fita daga ƙofa. Da wata uku baya ne, da ya kama hannun mutumin ya nuna masa kunnensa da murfin da ke jingine, da guntun Turancinsa, kuma da an gane.

Litinin ta biyu bayan nan takarda ta shida ta wuce babu da'ira ko ɗaya. Kawu ya miƙe tsaye ya ba Dogo hannu, abin da bai taɓa yi wa ma'aikaci ba, ya buga hatimi, ya saka ta a koren fayil. Ta kwanta a ciki kusan wata shida. Da injiniya ya dawo ya karanta, ranar ya sa aka kira mai walda. Yini guda bai cika ba aka gyara murfin, aka ɗaure shi da ƙusa huɗu. Aka kawo sabon abin toshe kunne a leda.

Likita ta sake gwaji ta ajiye takardarta, ba ta kalle ni ba a wannan karon. Kunnen dama ya bi na hagu. Abin da ya rage kaɗan ne, sai an matso an ɗaga murya sosai. Kamfani ya mayar da shi sito yana ɗaure kwalaye. A gida yara sun koyi taɓa kafaɗarsa kafin su yi magana. Autarmu a cikin watannin nan ta fara haɗa kalmomi, kuma bakinta ba ya rufuwa. Takan hau cinyarsa ta yi ta zuba, shi yana kallon leɓenta yana murmushi, in ta gama ya juyo ya tambaye ni me ta ce.

Shekara guda ban taka gidan Kawu ba. 'Yan uwa suka yi ta safa da marwa, wai ba da gangan ya yi ba, wai nufinsa alheri ne. Na ce na sani, kuma shi ya sa abin ya fi muni, don mai mugun nufi yakan gaji.

Wata Asabar da hantsi sai ga sallamarsa. Ya bar aikin kamfanin, ya ƙara tsufa, riga dai mai aljihun ƙirji. Na shimfiɗa masa tabarma na kawo ruwa, don ba a haife ni da rashin tarbiyya ba. Dogo ya fito ya durƙusa ya gaishe shi. Kawu ya buɗe jakarsa ya zaro takarda a cikin leda mai sheƙi. Kwafin ta shida ce. Ashe ya liƙa ta a bangon ofishinsa tsawon shekarar, yana nuna wa sababbin ma'aikata yadda ake rubuta koke.

"Na ce in kawo maka ka ajiye," ya ce wa Dogo. "A duk waɗanda na koyar, manya da yara, ban ga wanda ya yi naci kamarka ba."

Dogo ya karkato kai ta dama, don sabo.

Kawu ya maimaita, ya ɗan ɗaga murya. Ya sake maimaitawa, har jijiyar wuyansa ta tashi, shi da ya tsani hayaniya. Sai ya sauke murya. Ya dubi takardar, ya dubi Dogo, ya ce wani abu a hankali wanda ni ma ban ji duka ba, na dai tsinci kalmar haƙuri a ciki.

Dogo ya juyo gare ni. "Me Kawu yake cewa?"

Ban fassara ba. Na shiga ɗaki na yago takarda daga littafin 'yan biyu, na ajiye a gaban Kawu.

"Rubuta masa, Kawu. Karatu kam ya iya yanzu."

Ya laluba aljihu. Shuɗin biron ba ya nan, sai jajayen biyu. Ya zaro ɗaya ya cire murfin, ya ɗora hannu a kan takardar. Na tafi na sauke tukunya, na zuba wa yara abinci, na wanke hannu na dawo. Takardar tana nan fara fat, biron yana hannunsa, Dogo kuwa yana durƙushe a gabansa yana jira.